Barikin Hyde Park: Gidan da Fursuna Ya Zana wa 'Yan'uwansa

A shekarar 2019 Barikin Hyde Park da ke tsakiyar birnin Sidni na ƙasar Ostareliya ya cika shekara 200 da buɗewa. Gini ne na jan bulo mai hawa uku, da agogo a goshinsa. Duk mai son sanin yadda gumin fursunoni ya gina wannan ƙasa, nan ya kamata ya fara yada zango.

Bayan Amurka ta ƙwaci 'yancinta, Birtaniya ta rasa inda za ta riƙa jibge masu laifinta. Gidajen yari suka cika maƙil, har aka mayar da tsofaffin jiragen ruwa kurkuku a kan kogin Thames. Sai aka waiwayi Ostareliya. A watan Janairun 1788 ayarin jirage 11 ƙarƙashin Arthur Phillip ya iso gaɓar Sidni ɗauke da fursunoni sama da 700, kuma daga nan zuwa 1868 an yi jigilar kimanin mutum 162,000. Galibinsu sata ce ta kai su, wasu shekara 7 aka yanke musu, wasu 14, wasu rai da rai.

Shekaru talatin na farko gwamnati ba ta tanadar wa yawancin fursunonin Sidni makwanci ba. Mutum zai yi aikin hukuma har ƙarfe uku na yamma, sannan ya shiga gari neman ƙwadago don ya biya kuɗin ɗaki, galibi a unguwar The Rocks da ke bakin tashar jiragen ruwa. Dare na yi sai giya da caca, da safe kuwa a nemi rabin ma'aikata a rasa.

A haka Gwamna Lachlan Macquarie ya tarar da garin a 1810. Soja ne ɗan Sikotilan, mai son tsari da gine-gine, mai kuma wani ra'ayi da ya hana shi shiri da manyan gari: duk wanda ya gama wa'adinsa ya shiryu, a karɓe shi kamar kowa. Ya naɗa tsofaffin fursunoni alƙalai, ya ci abinci da su a teburinsa. Shi dai a wurinsa hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Wannan ra'ayi ne ya haɗa shi da Francis Greenway, mai zanen gine-gine daga yankin Bristol. Karayar arziki ta sa Greenway ya ƙirƙiri takardar jabu, aka yanke masa hukuncin kisa a 1812, daga baya aka sassauta zuwa korar shekara 14. Ya sauka Sidni a 1814, kuma cikin shekara biyu gwamna ya damƙa masa zanen gine-ginen hukuma. A 1817 aka aza harsashin barikin, don fursunoni su sami makwanci. Fursuna ya zana, fursunoni suka buga bulo, suka fafe dutse, suka ɗora rufi. Ranar 4 ga Yunin 1819, zagayowar ranar haihuwar Sarki George na Uku, aka buɗe gidan da walima, fursunoni 589 suka ci naman sa da kayan zaƙi. Aikin ya ƙayatar da Macquarie har ya yi wa Greenway cikakkiyar afuwa.

Rayuwar gidan da ƙararrawa take tafiya. Da asuba za a kaɗa, kowa ya sauko daga gadon lilonsa, ƙyalle mai kauri da aka ɗaure da igiya tsakanin katako biyu, an jera su kafaɗa da kafaɗa cikin ɗakuna 12. A kira suna a tsakar gida, a sha kunun masara, sannan a fita rukuni-rukuni: wasu mafasar dutse, wasu mabugar bulo, wasu wurin tsaga katako ko gyaran jirage. Tufafinsu na ɗauke da tambarin kibiya na gwamnati da haruffan gidan, don kada wani ya sayar ko ya sulale da su. Rabon burodi da nama da awo ake yinsa. Burin kowa shi ne takardar izini, wadda ke ba mai kyakkyawan hali damar yin aikin kansa a wata gunduma tun wa'adinsa bai cika ba. Da yawa daga nan suka zama magina, maƙera da manoma, suka yi aure suka kafa zuriya.

Ba a rasa masu ƙorafi ba. A shekarar da aka buɗe gidan, Landan ta turo John Thomas Bigge ya yi bincike, ya kuma koma da rahoton cewa ana kashe kuɗi da yawa, ana kuma lallaɓa masu laifi. Macquarie ya bar ƙasar a 1822, aka sallami Greenway a wannan shekarar, ya rasu cikin talauci a 1837. Bayan tafiyar Macquarie horo ya tsananta. Aka kafa kotu a harabar gidan, bulala mai harsuna tara ta yi aiki, ginin da aka yi don mutum 600 wani lokaci ya ɗauki 1,400. Sai dai wannan halin zamanin ne a duk daular Birtaniya, cunkoson kuwa daga jiragen da ba su daina zuwa ba ya samo asali. Ko Greenway ma tarihi ya biya shi: a 1966 aka sa hotonsa a takardar dala goma ta ƙasar, shi da aka kora saboda jabu.

Zuwa 1848, lokacin da aka kwashe ragowar mazauna zuwa tsibirin Cockatoo, kimanin fursunoni 50,000 sun ratsa ta gidan. Daga nan ya zama masaukin mata baƙin haure, ciki har da 'yan mata marayu da yunwar Ayalan ta koro, sannan mafakar tsofaffin mata marasa galihu. Daga 1887 zuwa 1979 kotuna da ofisoshin gwamnati ne suka zauna ciki.

Da aka zo gyara don mayar da shi gidan tarihi, masu bincike suka ɗaga katakon daɓe suka tarar da dubban kayayyaki, da yawansu ɓeraye ne suka ja zuwa sheƙarsu: maɓallai, lofen taba, tsumma, guntayen takardu, har da rigar fursuna mai ratsin shuɗi da fari. Mutanen da littattafan gwamnati suka rubuta da lamba da laifi kawai, yau ana iya ganin abin da suka sa da abin da suka ɓoye. A 2010 hukumar UNESCO ta sanya barikin cikin wurare 11 na tarihin fursunonin Ostareliya da duniya ta gada. Bayan sabon gyara an sake buɗe shi a 2020, kuma yanzu yana ba da labarin 'yan asalin ƙasar, irin su mutanen Gadigal da aka gina Sidni a kan ƙasarsu.

A da 'yan Ostareliya kan ɓoye cewa kakansu fursuna ne, yau kuwa jikoki ke zuwa neman sunansa. Gidan da ya taimaka wajen wannan sauyi ya cancanci duk abin da ake kashewa don kula da shi. Mai karatu, idan Allah ya kai ka Sidni, ka ware wa Barikin Hyde Park yini guda.