Wasanni da Kiɗa a Gidajen Rediyon Kasuwa: Waiwayen Tarihi Daga Lugbe

1.0 Gabatarwa

Lokaci shi ne jarin gidan rediyo. Sa'o'i 24 ne a yini, kuma duk mintin da aka ba wani shiri an hana wani ke nan. A gidajen rediyon kasuwa, wato masu rayuwa da kuɗin talla, abubuwa biyu ne suka fi yin ja-in-ja a kan wannan jari: kiɗa da labarin wasanni. Wannan maƙala za ta bi diddigin yadda takarar ta samo asali, da yadda ta shigo Nijeriya, da kuma abin da ta haifar wa harshen Hausa. An zaɓi Lugbe da ke kan hanyar filin jirgin saman Abuja a matsayin madubi, saboda dalilan da za su bayyana a gaba.

2.0 Tushen Takarar a Amurka

Al'adar keɓe tasha guda ga nau'in shiri guda a Amurka ta yi ƙarfi. Daga ƙarshen shekarun 1960 kiɗan rok ya mamaye zangon FM, saboda zangon ya fi fitar da sauti tangaram, aka bar labarai da sharhin wasanni a matsakaicin zango. A ranar 1 ga Yuli, 1987 aka buɗe WFAN a birnin New York, tasha ta farko da ba ta da wani aiki dare da rana sai zancen wasanni.

Su kuwa tashoshin rok, da suka lura cewa samarin da ke sauraronsu su ne dai masoya ƙwallo, sai suka shiga sayen izinin watsa wasanni. WYSP ta Philadelphia ta ɗauki wasannin ƙungiyar Eagles a 1992, WBCN ta Boston kuma ta ɗauki na Patriots a 1995. Baƙon da aka ba shimfiɗa shi ya gaje gidan. A watan Agusta na 2009 aka rufe WBCN, kamfaninta ya buɗe tashar wasanni zalla a zangon FM, sannan a watan Satumba na 2011 WYSP ta ajiye kiɗa ta koma WIP-FM. Dalilin a fili yake: mai son waƙa ya sami intanet da na'urorin aljihu, yana jin abin da yake so ba tare da talla ba, amma wasan da ake bugawa yanzu ba ya jira, kuma musun da ke biyo bayansa sai da jama'a.

3.0 Kiɗa da Wasa a Rediyon Arewa Kafin 1992

Abin lura na farko shi ne, a al'adar Bahaushe kiɗa da wasa ba kishiyoyi ba ne. Ba a dambe sai da kalangu, ba a kokawa sai da makaɗi. Makaɗin ne ke zuga ɗan wasa, shi ke ambaton garinsu da ubangidansa da waɗanda ya kayar, saboda haka shi ne marubucin tarihin fagen. Da yawa daga cikin waɗanda suka san sunan Shago da Ɗandunawa ba su taɓa ganin dambensu ba. A bakin Muhammadu Bawa Ɗan'anace suka san su, ta kafar rediyo. Haka abin yake a Jamhuriyar Nijar, inda gasar kokawa ta ƙasa, wadda ake cin takobi, ta faro a 1975, muryar mawaƙa irin su Sagalo ta zama ɓangaren gasar kanta.

Rediyo ya iso Kano a 1944 ta hanyar akwatunan da ake ja wa waya. An kafa hukumar watsa labarai ta ƙasa a 1957, shekarar da Sashen Hausa na BBC ya fara aiki, sannan Gwamnatin Jihar Arewa ta buɗe nata gidan a Kaduna a 1962, wanda ya koma ƙarƙashin Rediyon Tarayya a 1978. Waɗannan gidaje na hukuma ne, ba riba suka sa a gaba ba. Tsarinsu na kowa-ya-samu ne: labarai, da wa'azi, da shirin manoma, da wasan kwaikwayo, da filin gaishe-gaishe irin su Zaɓi Sonka, inda ake jin Mamman Shata da Ɗanmaraya Jos da Musa Ɗanƙwairo. Ƙwallon ƙafa kan sami ɗan fili a mako, sai ranar babban wasa a haɗa tashoshi da Legas.

A nan ne gibin yake. Ko da Raccah Rovers ta Kano ta ci gasar ƙasa a 1978, ko da Nijeriya ta doke Aljeriya da ci 3 da nema ta ɗauki Kofin Afirka a 1980, babban sharhin da ƙasa ta saurara da Ingilishi aka yi shi. Gwanin wannan fage, Ernest Okonkwo, wanda ya rasu a 1990, ya shahara da laƙaba wa 'yan wasa sunaye: Segun Odegbami ya zama mai lissafi, Christian Chukwu ya zama ciyaman. Duk mai nazarin adabin baka zai gane cewa kirari ne wannan, sai dai da harshen wasu aka yi shi.

4.0 Dokar 1992 da Haihuwar Tashoshin Kasuwa

Doka ta 38 ta 1992, a zamanin mulkin Janar Ibrahim Babangida, ita ta kafa hukumar kula da kafofin watsa labarai, ta kuma halatta wa 'yan kasuwa mallakar tasha. Raypower ta Raymond Dokpesi ce ta fara cin gajiyar dokar a Legas cikin 1994, Cool FM ta biyo a 1998. Da kiɗa suka fara neman kasuwa, domin faifai da mai gabatarwa ɗaya sun isa cika sa'o'i, alhali wasanni na bukatar wakili da mota da layin waya. Kiɗan rok bai taɓa zama ginshiƙin waɗannan tashoshi ba. Kiɗan baƙaƙen Amurka ne ya fara rinjaye, daga baya na matasan gida ya ture shi.

Sai dai kuma waɗannan shekaru su ne na tashen ƙwallon Nijeriya: Kofin Afirka da zuwa Gasar Duniya a 1994, da zinariyar Atlanta a 1996, da karɓar baƙuncin gasar matasa ta duniya a 1999, wadda aka buga wasu wasanninta a Kano da Kaduna. Ga kuma gasar Firimiya ta Ingila da tauraron ɗan'adam ya kawo, gidajen kallo suka cika unguwanni. Zuwan wayar salula a 2001 ya kammala zancen, domin ya ba mai sauraro damar bugo waya ya yi musu, ya kuma samar da kamfanonin sadarwa masu kuɗin talla. A ranar 1 ga Oktoba, 2002 Larry Izamoje ya buɗe Brila FM a Legas, tashar wasanni zalla, daga baya ta yi rassa a Abuja da Kaduna da Onitsha.

Shi ma kiɗan bai ci gaba da zama na araha ba. A ƙarshen 2013 takaddama ta ɓarke tsakanin ƙungiyoyin masu gidajen rediyo da COSON, mai karɓar wa mawaƙa haƙƙin mallaka, har aka yi shelar daina sa waƙoƙin wasu mambobinta, kafin a sasanta a 2014.

5.0 Lugbe a Matsayin Madubi

An yi dokar kafa Abuja a 1976, gwamnati ta tare a ranar 12 ga Disamba, 1991, 'yan watanni kafin dokar sakin rediyo. Ke nan birnin da rediyon kasuwa tare suka girma. Lugbe, wadda asalinta ƙauyen Gbagyi ne, ta bunƙasa da rukunin gidajen gwamnati da kwararar ma'aikata da 'yan kasuwa waɗanda tsakiyar birni ta yi wa tsada. Mazauninta kan bi babban titi safe da yamma, ya wuce ta gefen filin wasa na ƙasa da aka gina domin Wasannin Afirka na 2003, wanda aka sa wa sunan Moshood Abiola a 2019. Waɗannan sa'o'i na cikin mota su ne mafi tsada a wurin mai talla, a kansu ne kiɗa da wasanni suka fi kokawa.

A Lugbe ɗin ne kuma aka ƙaddamar da babbar tashar tura sauti ta Muryar Nijeriya a 2012, domin aika shirye-shirye ƙasashen waje a gajeren zango da harsuna da dama, har da Hausa da Fulfulde. An kafa turakun da za su kai Hausa nesa, alhali Bahaushen da ke sana'a a gindinsu, mahauci ne ko ɗan acaɓa ko mai shayi, in ya murɗa FM Ingilishi da Burokan ya fi tararwa. Mai tasha a Abuja na neman harshen da zai tara ƙabilu duka, saboda haka Hausa kan sami keɓaɓɓen fili ne kawai. Ba haka abin yake a Kano ba, inda Freedom Radio ta fara aiki a 2003 da Hausa a gaba, kuma nasarorin Kano Pillars a 2008 da 2012 da 2013 da 2014 suka ba masu sharhi abin faɗa.

6.0 Ribar Harshe da Asararsa

Ga mai nazarin harshe, bambancin shirye-shiryen biyu babba ne. Faifan waƙa an riga an gama shi, maimaita shi ake yi. Sharhin wasa kuwa magana ce da ake ƙirƙira nan take, dole mai yinta ya nemo kalma kafin ƙwallo ta wuce. Daga wannan matsi ne aka sami mai tsaron gida, da satar gida, da bugun tazara, da bugun kusurwa, da bugun daga kai sai mai tsaron gida, da alƙalin wasa. An ɗauko kunnen doki da canjaras don wasan da ba a ci juna ba, an ɗauko lallasa da ragargaza da casa don mummunan kaye. Wasu kalmomin aro, kamar fenariti da gola da kwana, suna tafiya kafaɗa da kafaɗa da na gida, kowace da wurin da ta fi kama baki.

Asarar kuma ta wajen kiɗa take. Waƙoƙin maza, na dambe da kokawa da tauri da farauta, rumbu ne na tsofaffin kalmomi da karin harshen Sakkwato da Katsina da Gobir. Tashar kiɗa ta kasuwa ba ta cika sa su ba, domin tana ganin ba na matasa ba ne. Tashar wasanni ma ba ta sa su, domin wasa a wurinta ƙwallon Turai ne. Abin da Bahaushe ya haɗa, tsarin da aka aro ya raba, sai waƙar dambe ta faɗa tsakanin gida biyu.

7.0 Kammalawa

An ga yadda takarar kiɗa da wasanni ta taso daga tsarin rediyon Amurka, ta shigo Nijeriya bayan 1992, ta tarar da al'adar da ba ta san wannan rabe-rabe ba. Aiki biyu ne ke gaban sassan harsunan Nijeriya. Na farko, a naɗi sharhin wasanni da ake yi da Hausa a adana shi, a tace kalmominsa a shigar da su ƙamus, domin maganar rediyo iska ce, in ba a kama ta ba ta tafi. Na biyu, a ceto tsofaffin faya-fayan makaɗan maza da ke ɗakunan ajiyar Kaduna da Kano da Sakkwato, a mayar da su na'urorin zamani, a kuma nuna wa masu tashoshin Abuja cewa filin dambe da kalangunsa shiri ne na wasanni da kiɗa a lokaci guda, kuma yana da masu sauraro a Lugbe da Karu da Dei-Dei.