Tsakuwar Matsarmama: Daga Askar Wanzami Zuwa Ɗakin Tiyata

A ƙasar Jega, Aliero da Maiyama, yanka jiki don magani tun asali aikin wanzamai ne: kaciya, cire beli, ƙaho da sakiya. Wanda ƙashinsa ya karye kuwa sai masu ɗorin Aliero, waɗanda sunansu ya yi nisa. Amma askar wanzami ba ta taɓa buɗe ciki ba. Ciwon tsakuwar matsarmama da ke tasowa ƙarƙashin haƙarƙarin dama bayan cin maiƙo, da jiƙo da sassaƙe ake binsa. In idanu suka yi ruwan ɗorawa, a ce shawara ce.

A Berlin aka fara cire matsarmama ɗungurungum, a 1882, a hannun Carl Langenbuch. Da aikin ya karɓu, likitoci da yawa suka ɗauka duk tsakuwar da aka gani sai an yi mata tiyata, ko tana ciwo ko ba ta yi. William Mayo na Amurka ya tsaya kan wannan ra'ayi a 1911. Sai a 1982 binciken Gracie da Ransohoff kan ma'aikatan Jami'ar Michigan masu tsakuwar da ba ta ciwo ya nuna cewa a shekara 15, kimanin 18 cikin 100 ne kawai tsakuwarsu ta tayar da ciwo. A 1985 kuma Erich Mühe na Jamus ya cire matsarmama ta ƙaramar huda. Aikin ya yi sauƙi, amma sauƙi ba hujjar yanka lafiyayye ba ne.

Na'urar hoton ciki ce ta kawo wannan batu jihar Kebbi. Mace daga Karaye za ta je awon ciki, ko magidanci ya je kan gyambon ciki, takarda ta fito da labarin tsakuwar da ba ta taɓa damun mai ita ba. Mai buƙatar ganin likitan fiɗa akan tura shi Birnin Kebbi, Asibitin Sir Yahaya ko na Tarayya, ko asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato.

Ƙa'idar yau ita ce a bar tsakuwar da ta yi shiru, a sa mata ido. Akan duba yiwuwar tiyata in girmanta ya haura santimita 3, ko bangon matsarmama ya ƙandare. Masu sikila lissafinsu daban ne, kuma suna da yawa a arewa: yawan fashewar ƙwayoyin jininsu kan tara musu baƙar tsakuwa tun suna yara, ciwonta kuma kan rikice da na sikilar, shi ya sa wasu likitoci kan zaɓi cire matsarmamar cikin shiri, kafin ta kai ga tiyatar gaggawa.