Jirgin Yaƙin Da Hamada Ta Ɓoye Shekara 15

A filinmu na tarihi na wannan fitowa za mu waiwayi Yaƙin Duniya na Biyu, wanda dattawa suka fi sani da yaƙin Hitila. Idan aka ambaci yaƙin nan a nan wajenmu, abin da kan fara zuwa zuciya shi ne samarin da aka kwasa zuwa Bama, sai kuma gyaɗar da aka yi ta lodi a tashar jirgin ƙasa ta Nguru. To, amma akwai ɓangaren da ba a cika faɗa ba, wato yaƙin sama.

A shekarar 1940 Jamus ta ci Faransa, Italiya kuma ta shiga yaƙi a gefen Hitila, sai Bahar Rum ta zama hanya mai hatsari ga Ingilishi. Ga shi kuwa sojojinsu da ke Masar suna matuƙar bukatar jiragen sama. Dabarar da suka yi ita ce, su ɗauko jiragen a akwatuna ta ruwa zuwa Takoradi a ƙasar Gwalkwas, wato Ghana ta yau, a harhaɗa su a can, sa'an nan su tashi zuwa Ikko, Kano, Maiduguri, su bi ta Sudan har Alƙahira. An fara wannan jigila a watan Satumba na 1940, kuma jirage sama da 5,000 ne suka bi hanyar. Ke nan duk wanda ya tashi Kano ya nufi Maiduguri, ta kudu da mu ya gitta.

Da Amurka ta shiga yaƙin a ƙarshen 1941, sai manyan jiragenta masu jefa bom suka biyo sahu. Su ba a sa su a akwati. Da kansu suke tashi daga Amurka zuwa Burazil, su tsallake tekun Atilantika, su ratsa Afirka suna yada zango a filaye irin na Kano da Maiduguri. Daga cikinsu akwai samfurin B-24, ƙaton jirgi mai inji huɗu da dogon zango, wanda aka ƙera sama da 18,000 irinsa kafin a gama yaƙi. Labarin guda ɗaya daga cikinsu za mu kawo maku, mai suna Lady Be Good.

A ƙarshen watan Maris na 1943 ne aka kai shi, sabo ful, ga runduna ta 376 da ke sansanin Suluk, kudu da Bangazi a ƙasar Libiya. Aka miƙa shi ga wasu samari tara, su ma sababbin zuwa, waɗanda ba su taɓa fita kai hari ba. Matuƙin shi ne Laftana William Hatton, mataimakinsa Laftana Robert Toner, mai duba hanya Laftana Hays, mai sakin bom Laftana John Woravka. Sauran biyar ɗin su ne Harold Ripslinger mai kula da inji, Robert LaMotte mai rediyo, da masu bindiga uku: Guy Shelley, Vernon Moore da Samuel Adams.

Ranar 4 ga Afrilu, 1943, aka tura jirage 25 su je su jefa bom a tashar jiragen ruwa ta Napoli a Italiya. Ran nan guguwar rairayi ta taso a sansanin, har jirage da dama suka juyo saboda yashi ya shiga injinansu. Lady Be Good yana cikin na ƙarshen tashi. Ya rabu da 'yan uwansa a hanya, da duhu ya yi ya juyo gida shi kaɗai.

Wajen ƙarfe sha biyun dare Hatton ya kira sansani ta rediyo, ya ce na'urarsa ta gane hanya ta daina aiki, a taimaka a gaya masa inda zai dosa. Aka ba shi amsa. To, ga inda gizo ke saƙar: na'urar da ke ƙasa tana iya nuna layin da jirgi yake kai, amma ba ta iya bambance ko yana tahowa daga teku ne, ko ya riga ya wuce ya yi kudu. Mutanen sansani sun ji ƙugin jirgi ya wuce ta kansu, sun kuma harba wuta sama don ya gani, amma ina! Su na cikin jirgi suna nan a kan cewa har yanzu bisa ruwa suke, don cikin dare idan ka leƙo daga sama, da teku da hamada duk baƙi ƙirin ne. Gaskiyar Hausawa, rashin sani ya fi dare duhu.

Haka suka yi ta kutsawa cikin sahara har kusan awa biyu. Da mai ya ƙare, wajen ƙarfe biyu, suka ɗaura rigunan hana nutsewa suka diro da laima, suna jiran su faɗa ruwa. Sai suka ji su a kan tsakuwa. Jirgin kuwa, ba kowa a cikinsa, ya ƙara tafiyar mil 16 ya zo ya kwanta da ciki, mil 440 daga Suluk. Wannan nisa ya kai kusan sau uku na layin dogo daga Kano zuwa Nguru. Washegari aka fita nema, amma a teku aka nema. Da ba a ga komai ba, sai aka rubuta sunayensu cikin waɗanda suka ɓace.

Shiru kake ji har watan Nuwamba na 1958, lokacin da wasu Ingilishi masu neman man fetur suka hango gangar jirgi daga sama. A 1959 aka isa wurin ta ƙasa. Abin mamaki, ko da yake ya karye biyu, bushewar hamada ta adana shi: rediyonsa yana aiki, bindigoginsa suna tashi, ga abinci, ga ruwa. Mutane ne kawai babu, babu kuma laimominsu.

Sojojin Amurka daga sansaninsu na kusa da Turabulus suka shiga bincike. Suka riƙa cin karo da alamu: takalma nan, rigar hana nutsewa can, ga ƙyallen laima an danne da duwatsu an yi siffar kibiya tana nuna arewa. A watan Fabrairu na 1960 aka tarar da gawa biyar wuri ɗaya, tare da ɗan littafin aljihu da Toner ya riƙa rubuta abin da ke faruwa kullum. Daga nan ne duniya ta san sauran labarin.

Ashe da suka diro, mutum takwas ne suka haɗu, ta hanyar harba bindiga da wuta cikin duhu. Woravka laimarsa ba ta buɗe sosai ba, nan take ya mutu, 'yan uwansa ba su ma sani ba. Duk ruwan da ke hannunsu rabin gorar soja ce guda ɗaya. Suka yanke shawarar su nufi arewa, suna zaton gaɓar teku na nan kusa. Kowa cikin murfin gora ɗaya yake samu a yini. Da rana zafi, da dare sanyi mai ratsa ƙashi, ga rairayi yana cin idanu. A haka suka taka kimanin mil 80, kamar mutum ya tashi Nguru ya je Gashuwa ya komo, a ƙasa, ba inuwa ba rijiya. Daga nan biyar suka kasa. Shelley da Ripslinger da Moore suka ci gaba ko Allah zai sa su samo taimako. Rubutun Toner ya tsaya ranar 12 ga Afrilu.

An samu gawar Shelley da ta Ripslinger a watan Mayu na 1960, can gaba cikin tuddan yashi, ta Woravka kuma a watan Agusta. Moore ne ba a kai gawarsa gida ba. A 1994 hukumomin Libiya suka kwashe tarkacen jirgin zuwa Tubruk. Duk tarihin aikinsa ke nan: fita ɗaya tak, ba kuwa harsashin abokin gaba ne ya kayar da shi ba.

Abin da ya fi taɓa zuciya shi ne, da kudu suka yi maimakon arewa, tafiyar mil 16 ce tsakaninsu da ruwa da abinci da rediyon kiran agaji. Kaza ta kwana a kan dami ke nan. Ba ƙarfi suka rasa ba, ba kuma juriya ba, don likitoci sun yi mamakin nisan da suka kai. Sanin inda suke ne suka rasa.

Mu da muke zaune a bakin wannan hamada bai kamata labarin ya wuce mu haka nan ba. Fataken da, masu zuwa Bilma da Murzuk da Turabulus, ba sa ɗaga ƙafa sai da madugu da jagoran da ya san kowace rijiya, kuma da lissafin salka suke tafiya. Tsuntsayen da ke sauka a fadamar Dagona lokacin hunturu, daga Turai suke tasowa su ƙetare saharar ba su ɓata ba, don haka Allah Ya halicce su. Ɗan Adam ba a ba shi wannan ba. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawa 92 a arewa da Arlit, akasari mata da yara daga kudancin Nijar, bayan motocinsu sun lalace a hanyar Aljeriya, ƙishirwa ta gama da su. Saboda haka idan wani yaronmu ya zo da zancen bin hamada zuwa Libiya, yana cewa ai motar sabuwa ce, direban kuma gwani ne, a zaunar da shi a gaya masa cewa jirgin nan ma sabo ne, injinsa huɗu.

Allah Ya kiyashe mu da ɓatan kai, Ya kai matafiyanmu gida lafiya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.