Daga Bagaruwa zuwa Kuromiyam: Shaidar Ɓera a Kan Ruwan Majemu

Tun zamanin fatake Kano ta yi suna da jima. Da toka da bagaruwa majema ke gyara fatar akuya, ayari ya ƙetara Sahara da ita, Turawa su saya suna kiranta fatar Maroko. Da masana'antu suka kafu a Bompai, daga baya Sharada da Challawa, sai gishirin kuromiyam ya maye gurbin bagaruwa, domin yakan gama cikin kwana guda abin da a da ke cin makonni. Ruwan da aka gama aiki da shi kuwa sai ya bi rafin Salanta da kogin Challawa, na Bompai ya bi rafin Getsi zuwa kogin Jakara, inda masu noman rani ke ban ruwa.

Me wannan sinadari ke yi wa jiki? Wata amsa mai ƙarfi ta fito ne daga ɓera.

A farkon ƙarni na 20 wata tsohuwar malamar makaranta a Amurka, Abbie Lathrop, tana kiwon ɓeraye tana sayar wa masu sha'awa, har masana suka zama abokan cinikinta. Daga cikin ɓerayenta ne wani masani mai suna Clarence Little ya fitar da zuriyar C57BL a 1921, ta hanyar haɗa 'yan uwan ciki ɗaya, tsatso bayan tsatso, har ƙwayoyin gadonsu suka zama kusan iri ɗaya. A 1929 ya kafa cibiyar Jackson, wadda har yau take raba ɓeraye ga ɗakunan bincike na duniya. Ɓera na haihuwa bayan mako 3 da ɗaukar ciki, rayuwarsa ba ta cika wuce shekara 2 zuwa 3 ba, don haka cutar da ke ɗaukar mutum shekaru masu yawa takan bayyana a jikinsa da wuri.

A 2008 hukumar binciken guba ta Amurka ta fitar da sakamakon gwajin shekara 2 a kan ɓeraye masu jinin wannan zuriya. Wasu daga cikin waɗanda aka shayar da ruwa mai nau'in kuromiyam na shida sun kamu da ciwon daji a ƙaramin hanji. Majemu dai nau'i na uku suke amfani da shi, wanda bai kai wancan guba ba, amma yana iya rikiɗewa ya koma na shida idan an ƙona tarkacen fata, ko ya haɗu da wasu sinadarai a ƙasa.

Jima sana'ar gado ce da ke ciyar da gidaje masu yawa a Kano, kuma babu mai son ta mutu. Sai dai wajibi ne masu masana'antu su tace ruwansu kafin su sake shi, hukumar kula da muhalli ta NESREA da gwamnatin jiha kuma su riƙa auna kuromiyam a kogunan nan a kai a kai, su sanar da manoma da mazauna yankin sakamakon.