Baje Kolin Masu Zane a Samaru

'Yan'uwa da muka yi aji huɗu tare za su tuna ranar da malaminmu na zane, Allah ya jiƙansa, ya loda mu a motar makaranta zuwa Samaru domin mu ga baje kolin ɗaliban da ke gama karatun zane a Jami'ar Ahmadu Bello. Gaskiya murnar fita muke yi, ba ta zane ba. Sai da na girma na bi tarihin wurin, na gane inda aka kai mu.

Sashen nan ya girmi jami'ar kanta. A 1955 aka dawo da shi Zariya daga Ibadan, yana ƙarƙashin Kwalejin Fasaha da Kimiyya ta Nijeriya, jami'a kuwa sai 1962. Malaman farko yawancinsu Turawan Ingila ne, kuma yadda aka koya musu a gida haka suka koyar: a zaunar da mutum a gabanka ka zana shi, ka san ƙashi da tsoka, ka san yadda abu ke ƙanƙancewa in ya yi nisa. In shekarar ƙarshe ta zo, ɗalibi ya rataye aikinsa a bango, masu jarrabawa su zagaya, sannan a buɗe wa jama'a. Mai rubuta jarrabawa a takarda asirinsa a rufe yake. Shi kuwa wannan, har mai shara sai ya ga iyakar gwanintarsa.

A kan abin da ya cancanci hawa wannan bango aka yi gardama. A 1958 wasu ɗalibai, cikinsu har da Uche Okeke, wanda ya tashi a Kafanchan, da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiyar da daga baya aka laƙaba wa 'Yan Tawayen Zariya. Ni dai ina ganin sunan ya yi musu nauyi, don ba su ƙi karatun Bature ba. Cewa suka yi a ɗauki dabararsa a haɗa da abin gida. Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, Onobrakpeya kuma ga tatsuniyoyin Urhobo. Nwoko ya karkata ga gini, har a 2023 aka ba shi babbar lambar yabo a Venice.

Abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya shi ne, a cikin waɗannan sunaye babu ɗan gari. Alhali 'yar tafiya kaɗan daga Samaru akwai masallacin Juma'a da Babban Gwani Mika'ilu ya gina a ƙarni na 19, ga zayyanar da magina ke yi a fuskar zaure, ga aska takwas a ƙirjin babbar riga. Iyayenmu ba su ɗauki zane a matsayin karatu ba, wasu kuma suna ƙyamar zana mai rai, sai aka haɗa duka aka yar.

A hanyar komawa malam ya sa direba ya ratsa ta cikin birni, ya tsai da mu gaban wani zaure, ya ce mu kwafi zayyanarsa a littafi. Muka yi ta gunaguni saboda yunwa. Cikinmu babu wanda ya karanta zane. Bara da na ziyarci makaranta na nemi ɗakin malam, na tarar an tara karyayyun kujeru a ciki.