Iskar Unguwannin Birnin Kano

Tun zamanin da maƙera ke narka tama a gindin Dutsen Dala, iskar birnin Kano ba ta taɓa zama ɗaya ba, domin kowace sana'a da irin numfashinta: warin fata a majema, na baba a karofin Ƙofar Mata, na ruwan Jakara a gefen kasuwar Kurmi, wanda har Barth, Baturen da ya ziyarci birnin a 1851, ya koka da illarsa. A wancan zamani hanci ne mizani. Amma da masana'antun Bompai da Sharaɗa suka kafu, hayaƙin babura da janareto ya cika lunguna, sai cutar ta ɓuya, tana shiga huhu ba sallama. Haƙƙi ne a kan hukuma ta auna iskar kowace unguwa, domin talaka ya san abin da yake shaƙa.