Suna na nan, mai shi ya sake: tarihin radiyo da kaset a ƙasar Ƙonni

A shekarar 1963 ne kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da kaset. Kafin shekaru ashirin su cika, radiyo mai kaset ta zama kayan gida daga Birnin Ƙonni zuwa Malbaza da Tajaye. Ƴan kasuwa na shigo da ita ta iyakar Illelar Najeriya, mai saye kuwa suna yake dubawa: National, Sanyo, Sharp, Aiwa ko Philips. Sunan shi ne shaidar ƙarko.

Sai dai kamfanonin nan, manya sun yi ta haɗiye ƙanana. Sony ya haɗiye Aiwa a 2002. Panasonic ya ajiye sunan National a 2008, ya sayi Sanyo a 2009. Sharp ya koma hannun Foxconn na Taiwan a 2016. Sabon mai kamfani yakan riƙe sunan da ya yi kasuwa, ya daina ƙera abin da ba ya kawo riba. Daga nan kayan gyara suka yi wuya, mai gyaran radiyo ya koma ɓalle wata don ya tayar da wata.

Haka abin ya kasance ga masu buga faifai. EMI, wanda ya naɗi muryar Alhaji Mamman Shata, ya janye daga Najeriya, reshensa ya zama Ivory Music. Reshen PolyGram ya zama Premier. A Turai kuma, PolyGram ya shiga Universal bayan cinikin 1998, EMI ya bi shi a 2012. Duk lokacin da aka sayar da kamfanin faifai, har da waƙoƙin da ke rumbunsa ake sayarwa, ba tare da an nemi shawarar mawaƙi ko magadansa ba.

Mawaƙan Adar da Ƙonni da yawa ba su taɓa shiga rumbun wani kamfani ba. Muryoyinsu na cikin kaset ɗin da aka ɗauka a wajen biki ko dandalin kokowa, zafi da ƙura na cin zarensu, na'urar sauraronsu na ƙarewa. Ya kamata malamai da ƙungiyoyin al'adu su tattara su, su rubuta sunan mawaƙi da garinsa da shekarar ɗauka, su juye su a kwamfuta tun ana samun radiyon da ke juya kaset. Cibiyoyi irin su CELHTO da IRSH a Yamai sun daɗe da sanin wannan aiki.